Idan mutanen gari suka ce a bar musu tsauninsu

Rigimar kusan kala ɗaya ce a duk ƙasar da ta tashi. Ga tsauni a bayan gari, kurmi ya lulluɓe gindinsa, magabata sun bar kufansu da kaburburansu a kansa. Ga kamfani riƙe da takardar izini, yana so ya fasa tsaunin, ya niƙe shi, ya sayar da tsakuwa. Ga kuma mutanen gari sun fito ƙwansu da ƙwarƙwata sun ce ba su yarda ba. Daga nan sai a shiga yi musu gori: ba sa son ci gaba, son kai ya yi musu yawa, suna so a shimfiɗa musu kwalta amma ba sa so a fasa dutse kusa da gidajensu. Ni dai ina bayan mutanen garin. Na daɗe ina bin irin waɗannan rigingimu, na saurari abin da kowane ɓangare ke faɗa, kuma hujjar masu cewa a bar tsaunin ta fi nauyi nesa ba kusa ba.

Bari in fara da ba mai fasa dutse haƙƙinsa. Ba a gina asibiti da fatar baki. Gada, makaranta, madatsar ruwa, layin dogo, duk akwai niƙaƙƙen dutse a cikinsu. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa duniya na cinye yashi da tsakuwa kimanin tan biliyan 50 a kowace shekara, wato bayan ruwa babu abin da ɗan Adam ke ɗiba da yawa kamar su. Direban tifa da mai kula da injin niƙa kuwa halalinsu suke nema, akwai iyali da ke jiransu a gida. Don haka duk wanda ya ce a daina fasa dutse baki ɗaya bai yi magana ba. Masu kare tsauninsu ma ba haka suke cewa ba. Abin da suke tambaya shi ne me ya sa sai wannan tsaunin, kuma wa ya kamata ya yanke hukunci a kansa.

Amsar tambayar farko tana cikin lissafin sana'ar kanta, kuma da wuya ka ji kamfani ya faɗe ta a taron jama'a. Tsakuwa kaya ce mai nauyi marar tsada. Dakonta ne ke cin kuɗi. Idan tifa ta yi doguwar tafiya, kuɗin mai da taya da direba sai su kamo kuɗin kayan da ta ɗauko, har su wuce shi. Shi ya sa mai fasa dutse ke neman dutsen da ya fi kusa da gari, ya fi kusa da titi. To tsaunin da ya fi kusa da gari, sau da yawa shi ne ma dalilin kafa garin. Magabata sun zauna a gindinsa ne don maɓuɓɓugar da ke fitowa daga jikinsa, ko don su hau su tsira idan yaƙi ya zo, ko don a nan suke ibada, a nan suke binne mamatansu. Kusancin da ya cika tsaunin da tarihi shi ne kuma ya sa kamfani ke hango riba a jikinsa. Saboda haka wannan karo zai yi ta faruwa, daga wannan ƙasa zuwa waccan, muddin birane na girma.

Zinariya ko tagulla a inda Allah ya ajiye su ake samunsu, ba a iya matsar da ramin. Dutsen tsakuwa kuwa ba abu ne mai wuyar samu ba. Yana shimfiɗe a faɗin ƙasashe, kuma galibi akwai wani irinsa a wurin da babu tsohon kurmi, babu kufai, babu gidaje a gindinsa. Idan kamfani ya kafe sai wannan, abin da yake karewa shi ne rarar kuɗin dako na 'yan kilomitoci. Wannan rara ko ta ƙare a aljihun masu hannun jari, ko ta ɗan rage wa mai gini tsada. Asarar kuwa a kan wasu mutane daban take faɗawa, waɗanda ba a tambaye su ba, har da jikokin da ba a haifa ba tukuna. Ban ga ma'aunin adalcin da zai daidaita waɗannan biyun ba.

Wanda bai taɓa ganin yadda ake buɗe irin wannan rami ba zai ɗauka daga dutsen ake farawa. Daga itatuwa ake farawa. Sai an sare kurmin tas, sannan katafila ta shigo ta kankare ƙasar sama, wadda ta yi ɗaruruwan shekaru tana taruwa daga ruɓaɓɓen ganye, ta ture ta gefe ta yi tsibi. Sai a jera ramuka a jikin dutsen da injin haƙa, a ɗura musu nakiya, galibi sinadarin takin zamani ne da aka kwaɓa da man dizal. Na taɓa tsayawa nesa kaɗan da irin wannan wuri lokacin da za a tashi nakiya. Aka busa jiniya, ma'aikata suka janye, wurin ya yi tsit. Ƙafata ta riga kunnena ji. Ƙasa ta motsa a ƙarƙashina, sannan ƙarar ta iso. Fuskar dutsen ta kumburo, ta zube gaba ɗaya, farar ƙura ta turnuƙe ta bi iska ta nufi gidaje. Tsuntsayen da suka rage a itatuwan bakin ramin suka watse. Da zan tafi na shafa ganyen wata bishiya a gefen hanya, yatsana ya bar kore shar a tsakiyar ƙurar da ta rufe shi. Kuma wannan ba aikin wata ɗaya ba ne. Izinin fasa dutse kan ɗauki shekara ashirin, talatin, wani lokaci fiye da haka. Yaron da aka haifa ranar da aka tashi nakiyar farko zai iya yin aure ya haihu ana kan fasawa.

Ƙurar nan ba irin ta hanya ba ce. Duwatsu da yawa, musamman giranit, suna ɗauke da sinadarin silika. Idan aka niƙa su, ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani su ne ke kutsawa can cikin huhu su zauna, su bar tabon da ba ya warkewa. Cutar silikosis ke nan. Babu maganin da ke mayar da huhun yadda yake, tana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Tun 1997 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin wannan ƙura cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo sankara. Gaskiya ne ma'aikacin da ke bakin inji ya fi kowa shiga haɗari, kuma feshin ruwa da rufe injina suna rage ƙurar sosai. Amma an fi yin su idan akwai mai sa ido, iska kuwa ba ta tsayawa a shingen kamfani. Sai batun ruwa. Idan ramin ya nutsa ƙasa da inda ruwan ƙasa yake kwance, ruwa zai riƙa taruwa a ciki, kamfani ya sa injin ja dare da rana, rijiyoyi da maɓuɓɓugan kewaye su ja baya. Sai kuma tsagar da ke fara fitowa daga kusurwar taga ta gangara bango. Idan mai gida ya kai ƙara, sai a ce masa ya kawo hujjar cewa nakiya ce ta tsaga ba rashin ingancin gini ba. Shi kaɗai, da wayarsa, a gaban lauyoyi da injiniyoyin kamfani.

Duk da haka ba a kan ƙura da ƙara na kafa hujjata ba. Waɗannan ana iya rage su, kuma ranar da aka rufe ramin za su tsaya. Tsaunin da kurmin ne ba sa gyaruwa. A kowane taron jin ra'ayi sai ka ji wakilin kamfani ya ce idan sun gama za su gyara wurin, za su yi dashe, kowace bishiya ɗaya za a maye ta da biyu ko goma. Na yarda wasu suna cika alkawari, akwai tsofaffin ramuka da suka zama tafkuna masu kyau. Amma tsohon kurmi ya wuce adadin itatuwan da ke cikinsa. Akwai ƙasar da ba a taɓa juya ta ba, da zaren naman kaza da ke ratsa ta yana ciyar da saiwoyi, da tsofaffin itatuwa masu kogo inda jemage da mujiya da zuma ke zama, da ƙananan tsirrai da ba sa iya tsallaka fili su koma wani wuri. Dashen shekara biyar ba ya zuwa da ko ɗaya daga cikinsu. A Ingila da Wales, kurmin da yake wurinsa tun shekarar 1600 suna ba shi matsayi na daban, a Sikotland kuma tun 1750, kuma duka irin wannan kurmi kimanin kashi 2.5 cikin 100 ne kacal na faɗin Birtaniya. Ƙa'idar tsara gine-gine ta Ingila ta sa shi cikin abubuwan da ba a iya maye gurbinsu, tun 2018 kuma ta ce a ƙi duk aikin da zai lalata shi sai da wani dalili mai girma ƙwarai. Hukuma da kanta ta amince a rubuce cewa dashe ba ya biyan wannan bashi.

Tarihin ya ma fi kurmin saurin salwanta. A arewacin Wales akwai tsaunin Penmaenmawr, wanda a kansa mutanen zamanin ƙarfe suka gina babban mazauni mai ganuwar dutse, Braich-y-Dinas, da ɗakuna masu yawa a ciki. Ya yi kimanin shekara 2,000 a tsaye. A ƙarni na 20 masu fasa dutse suka cinye shi gaba ɗaya, har kan tsaunin ya rage tsawo. Abin da ya saura shi ne zane-zane da bayanan da masu binciken kayan tarihi suka ɗauka kafin nakiya ta iso. A Indiya kuma, cikin watan Oktoba na 2018, Kotun Ƙoli ta ji cewa daga cikin tsaunuka 128 na jerin Aravalli da aka duba a jihar Rajasthan, 31 sun ɓace ɓat saboda haƙa da fasawa. Waɗannan tsaunuka suna cikin abin da ke tare ƙura da yashin hamadar Thar daga isa Delhi da kewayenta. Tifa ɗaya bayan ɗaya aka kwashe su, kuma a kowace rana mai kallo zai iya cewa ai ɗan kaɗan aka taɓa.

Daga nan sai kamfani ya zaro babban makaminsa: muna da izini, doka tana bayanmu. Magana ce mai ƙarfi, ba na raina ta, domin ƙasar da ba a mutunta takardar hukuma ba ta zaunuwa. Sai dai a duba yaushe aka ba da izinin, da abin da aka sani a lokacin. Kusa da birnin Stirling a Sikotland akwai tsaunin Gillies. Labarin da aka gada ya ce daga nan ne barori da masu dakon kayan rundunar sarki Robert Bruce suka ɓullo a yaƙin Bannockburn na 1314, sojojin Ingila suka ɗauka sabuwar runduna ce, gwiwarsu ta yi sanyi. Akwai kurmi a kan tsaunin, akwai kufan ganuwa ta zamanin ƙarfe. Mutanen ƙauyen Cambusbarron da ke gindinsa sun shafe shekaru suna fafutukar hana faɗaɗa ramin da ke cin gefensa, har da tattaki zuwa tsaunin, kuma abin da suke kokawa da shi ya samo asali ne daga izinin da aka bayar tun 1982. A Stanton Moor ta Ingila, inda wasu duwatsu ke tsaye a da'ira tun kimanin shekara 4,000 da suka wuce, izinin 1952 ne aka so a farfaɗo da shi. Masu adawa suka kafa sansani a kurmin daga 1999, wasunsu a ɗakunan da suka ɗaura a kan itatuwa, suka yi kusan shekara goma. A 2008 aka soke tsohon izinin, aka bar kamfanin ya faɗaɗa wani raminsa a wurin da bai kai nan haɗari ba. Ashe tun farko akwai wani wurin. Sai da mutane suka kwana a kan bishiya cikin sanyi shekara da shekaru kafin a yarda a dube shi.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai ba na tsakuwa ba ne, na tama ne, amma ciwon ɗaya ne. A yankin Pilbara na yammacin Ostareliya, a kwazazzabon Juukan, akwai kogon dutse guda biyu na 'yan asalin ƙasar, ƙabilun Puutu Kunti Kurrama da Pinikura. A 2013 kamfanin Rio Tinto ya samu izinin lalata wurin a ƙarƙashin wata doka ta 1972. A 2014 masu bincike suka tona cikin kogon, suka gano cewa mutane sun yi amfani da shi tun shekara 46,000 da suka wuce. Sun fito da dubban kayayyaki. A cikinsu akwai wani tufkakken gashin mutum mai kimanin shekara 4,000, wanda gwajin ƙwayar halitta ya danganta da mutanen ƙabilun da suke raye a yau. Ka tsaya ka yi tunanin wannan: gashin kakanka na can nesa, an tufka shi da hannu, yana kwance a inda aka bar shi, kai kuma kana nan kana roƙon a dakata. Dokar ba ta bar wa masu wurin ƙofar neman a sake duba izini ba idan sabon bayani ya fito. Ranar 24 ga Mayu, 2020 aka tashi nakiya. Daga baya kamfanin ya amsa a gaban kwamitin majalisa cewa yana da tsari huɗu na aikin, uku daga ciki sun kauce wa kogon, amma ya zaɓi na huɗun don ya kai ga tan miliyan 8 na tama mai kyau, kuma ba a gaya wa masu wurin akwai sauran ukun ba. Shugaban kamfanin da manyan jami'ansa biyu sun rasa kujerunsu, an ba da haƙuri, an yi bincike, an rubuta rahoto. Ihu bayan hari. Komai a kan doka aka yi shi, kuma wannan ne ya sa ba na karɓar takardar izini a matsayin ƙarshen magana.

Batun aikin yi ne ke raba kan gari, kuma a nan nake so masu adawa su yi taka-tsantsan. Ramin fasa dutse na zamani injina ne ke aikinsa. Mutanen da yake ɗauka ba su da yawa, kuma masu tuƙa manyan injina da masu haɗa nakiya galibi da su kamfani ke zuwa. Abin da kan rage wa 'yan gari shi ne gadi da ƙananan ayyuka. Ba na raina su. Wanda ya daɗe ba aiki shi ya san darajarsu, kuma ba daidai ba ne a riƙa kallon maƙwabcin da ya karɓa a matsayin maci amana. Wanda ya raba ku da shi ya fi kowa jin daɗin wannan gaba. Amma idan za a ƙirga ayyukan da ramin zai kawo, a ƙirga har da waɗanda zai kashe: manomin da ƙura za ta rufe amfaninsa, mai kiwon zuma, mai masaukin da baƙi ke sauka don su hau tsaunin, mai gidan da ba zai ƙara samun mai saye ba. Waɗannan ba kasafai suke samun gurbi a rahoton da kamfani ya biya aka rubuta ba. Haka kuma yadda ake samun abin da ake kira amincewar al'umma. A kira mutum biyar ko shida a ɗaki, a yi alkawarin hanya ko ɗakin taro, a karɓi sa hannu. A liƙa sanarwa a inda ba mai bi. A ajiye rahoto mai ɗaruruwan shafuka da harshen injiniyoyi, a ba mutane 'yan makonni su amsa. Idan suka yi shiru sai a rubuta cewa ba wanda ya ƙi.

An gwada wata hanyar daban, kuma ƙasa ba ta rushe ba. A jihar Odisha ta Indiya, ƙabilar Dongria Kondh suna ɗaukar tsaunukan Niyamgiri wuri mai tsarki, kurminsu da ruwansu duk daga nan suke. Kamfanin Vedanta ya so a haƙo ma'adinin da ake yin alminiyam da shi daga kan tsaunin. A watan Afrilu na 2013 Kotun Ƙolin Indiya ta ce a koma wa tarukan ƙauyuka, su ne za su faɗi ko aikin ya taɓa haƙƙinsu. Ƙauyuka 12 aka tambaya a cikin watannin Yuli da Agusta, duka 12 suka ce a'a, kuma a farkon 2014 ma'aikatar muhalli ta ƙi amincewa da aikin. Mutanen nan ba masu kuɗi ba ne, da yawansu ba su yi boko ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sun san wane rafi ne ke fitowa daga wane gefe, sun san abin da zai ƙafe idan aka cire kan tsaunin. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2007 kan haƙƙin 'yan asalin ƙasa ta yi maganar amincewar da ake nema kafin a fara aiki, ba tare da tilas ba, bayan an faɗi gaskiyar abin da za a yi. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Aarhus ta 1998 ita ma ta ba talaka a ƙasashen da suka amince da ita haƙƙin ganin bayanan muhalli, da sa baki tun da wuri, da zuwa kotu. A ganina duk garin da ke gindin irin wannan tsauni ya cancanci wannan, ko da wane suna ake kiran mutanensa.

Akwai tambayar da ba zan kauce mata ba. Idan kowane gari ya samu ikon cewa a'a, daga ina tsakuwar za ta fito? Kuma ba za a kwashe masifar daga garin da ke da lauyoyi da 'yan jarida a jibge ta a kan ƙauyen da ba shi da kowa ba? Wannan haɗari ne na gaske, kuma yana faruwa. Sai dai maganinsa shi ne a ba ƙauyen nan ma murya, a maimakon a toshe bakin wanda ya samu ya buɗe. Kuma ba kowane dutse ne mai tarihi ba, ba kowane daji ne tsohon kurmi ba. Aikin hukuma ne ta zauna tun kafin kamfani ya zo, ta tantance inda za a iya fasawa da inda ba za a taɓa ba, ta saurari mutanen wurin yayin da take tantancewar. Idan wani ya nemi shiga wuri mai tarihi, nauyin kawo hujja a kansa ya kamata ya kasance: ya nuna ya duba wasu wurare, ya faɗi dalilin da ya sa ba su yi ba, kuma tsadar dako kaɗai kada ta zama dalili. Izinin da ya kwanta shekaru ba a yi aiki da shi ba ya mutu, wanda ke raye kuma a riƙa sake duba shi idan sabon bayani ya fito. Kuɗin gyaran wuri a ajiye shi a hannun hukuma kafin a sare bishiyar farko, domin kamfani kan karye ko ya sauya suna ya bar wa gari rami. Buƙatar ma ana iya rage ta. Birtaniya ta sa haraji kan sabuwar tsakuwa tun 2002, kuma kusan kashi 30 cikin 100 na abin da take amfani da shi daga ɓaraguzan gini da tsohuwar kwalta da ragowar masana'antu yake fitowa. Duk ginin da aka rushe aka sake niƙawa, wani yanki ne na tsauni da aka bari a wurinsa.

Ga waɗanda ke cikin irin wannan gwagwarmaya yanzu, abin da na lura shi ne kuka kaɗai ba ya tsayar da katafila, takarda ce ke tsayar da ita. Ku nemi ganin izinin da idonku, ku duba ranar da aka ba da shi, da iyakar filin, da sharuɗɗan da aka gindaya, don sau da yawa a nan lam'ar take. Ku ɗauki hoton bangayenku, ku auna zurfin ruwan rijiyoyinku, ku rubuta kwanan wata, tun kafin a tashi nakiyar farko. Ku zauna da tsofaffi ku naɗi abin da suka sani game da tsaunin, su nuna muku kaburbura da kufai da maɓuɓɓuga ɗaya bayan ɗaya. Ku kira masu binciken kayan tarihi da masanan tsirrai daga jami'a mafi kusa, ku matsa wa hukumar adana kayan tarihi ta sa wurin a rajistarta. Ku tambayi kamfanin a rubuce wane wuri dabam ya duba kafin ya zaɓi naku, ku kuma nemi amsar ta zo a rubuce.